Daga Masaukin Alhazai Zuwa Ɗakin Haya: Tarihin Matsugunin Talaka a Damazin

  

Na daɗe ina riƙe da littafin zauren dattijon da nake yi wa magatakarda a nan Damazin. A shekarun baya, abin da ya fi cika shafukansa shi ne rabon gado, da iyakar gonakin bakin kogi, da sulhu tsakanin miji da mata. Daga daminar 2022 zuwa yau kuwa, maganar ɗakin haya ta danne sauran. Akwai wata safiya da ba na mantawa da ita. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo da 'ya'yanta huɗu, ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce in tashi ƙarshen wata." Sau uku aka ƙara mata kuɗin ɗaki cikin shekara guda, na ukun ya fi ƙarfinta. Da aka kira mai gidan, sai ga shi namu ne, Bahaushe, dattijon da ba a rasa shi a sahun farko. Bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ɗakunan nan biyu su ne gonata. Abin da na karɓa bara, bana ba ya sayen rabin abin da ya saya." Na rubuta maganarta, na rubuta tasa, na duba na ga babu maƙaryaci a cikinsu.

Tun ranar nake tambayar kaina yadda aka yi jikokin mutanen da aka sani da saukar baƙo suka wayi gari suna gurfanar da juna a kan kuɗin ɗaki. Amsar tana cikin tarihin zamanmu a wannan ƙasa, shi nake so mu bi tare.

Hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu. Tun kafin zuwan Turawa, alhazai daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suna ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan da ƙafa, su haye Nilu su nufi Suwakin. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri yakan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko koyar da allo har ya tara na gaba. Babban ayari ya zo bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka sauka a garin Shehu Talha a gaɓar Shuɗin Nilu. Wajen 1906 suka haye kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Daga nan ƙauyukan Fulani da Hausawa suka riƙa bin gaɓar kogi har ƙasar Rusairis.

A wancan zamani, baƙo idan ya iso gari mai masauki yake nema. Wanda ya riga zuwa yakan gina ɗakuna fiye da buƙatar iyalinsa, ya bar zaure a buɗe. Al'ada ce da Hausawa suka tafi da ita duk inda fatauci ya kai su. A zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, fatoma yakan sauki falke ya ciyar da shi ya sama masa mai saye, ya ci la'ada a cinikin. A nan Sudan ribar maigida ta wata fuska ce: baƙon yakan taya shi noma, ya ƙara masa yawan jama'a, ga ladan saukar mai niyyar Ɗakin Allah. Kada mu yi wa abin ado fiye da yadda yake. Baƙo ba shi da bakin magana a gidan wani, kuma ranar da suka ɓata da maigida, tabarmarsa kawai zai naɗe. Amma dai ba ya kwana a titi, ba a kuma jiransa da lissafi ƙarshen wata.

Abu uku suka riƙe wannan al'ada. Na farko fili, wanda shehun ƙauye ke nunawa da sanda ba a biya ba. Na biyu kayan gini: ƙasa a gindin mutum, ciyawa da itace a daji, hannaye kuma daga gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir. Na uku shi ne halin baƙon kansa, wanda karin magana ta kira raɓa: yana sauka da dare, hantsi ya ɗauke shi, ɗakin ya koma hannun na bayansa. Cikin shekaru ɗari, ukun nan sun zube ɗaya bayan ɗaya, kuma a gurbinsu ne ɗakin haya ya tsiro.

Fili ne ya fara kuɓucewa, kuma a Jazira abin ya soma. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, aka buɗe aikin noman auduga. An yanka ƙasa hawasha-hawasha aka raba wa manoma, amma auduga tana son hannaye da yawa lokacin tsinka, sai aka dogara da mutanen yamma, 'yan Darfur da na ƙasar Cadi da namu. Wasu daga cikin namu sun sami hawasha a shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi har masu ita suka riƙa gudunta. Akasari kuwa a matsayin 'yan ƙodago suka zauna, a matsugunan da ake kira kambo, a gefen magudanun ruwa. An kafa kambo a kan zaton cewa mutanensa za su tashi bayan kaka. Ba su tashi ba. An haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsa, amma ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin ba ta taɓa zama tasu a takarda ba. Mutumin kambo bai biya haya da kuɗi ba, da guminsa ya biya, kuma ana iya tashinsa kamar yadda ake tashin ɗan haya.

Sai maganar jinsiyya ta biyo baya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ku lura da wannan kwanan wata. Mutanen Mai Wurno sun iso bayansa da shekaru kaɗan, haka ma mafi yawan waɗanda suka zo aikin Jazira. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. Amma shekarun da ke tsakani su ne shekarun da aka fi rabon filaye a garuruwa, kuma shirin rabon da ake kira huɗɗa iskaniyya ba ya karɓar sunan wanda ba shi da jinsiyya. Iyalai da yawa a nan suka rasa rabonsu. Uba bai sami fili ba lokacin yana da araha, ɗa ya tashi ya tarar ya fi ƙarfinsa.

A 1970, zamanin Numairi, aka kafa dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Nan kusa kuma aka rushe idara ahliyya, wato mulkin shehunai da umdodi da nazirori. Ƙasar da aka yi wa rajista tun dokar 1925 akasarinta a bakin Nilu ta arewa da Jazira da manyan birane take. A yankinmu kusan komai bisa al'ada ake riƙe da shi. Dokar mu'amalat ta 1984 ta maye gurbin ta 1970, ta amince da haƙƙin cin amfanin ƙasa, amma asalin mallaka ya zauna a hannun hukuma. Sandan shehu da ke nuna wa baƙo inda zai kafa bukka ya daina zama hujja a gaban ma'aikacin filaye. Wannan bai tsaya kanmu kaɗai ba, ya shafi Funj da Hamaj da Barta da Ingasana da duk wanda ke zaune bisa gadon kaka.

Garin Damazin kansa a cikin wannan zamani ya girma. Rusairis ce tsohon gari, a gabashin kogi. Damazin, a yamma, ta tashi ne da aikin madatsar Rusairis, wanda aka fara a 1961 da rancen Bankin Duniya da Jamus ta Yamma, aka gama a 1966. An gina wa injiniyoyi da ma'aikatan hukuma gidaje. Leburan da ya ɗauki dutse da siminti kuwa, shi ya san inda zai sa haƙarƙarinsa. Da garin ya zama hedikwatar lardi, daga baya kuma a 1994 hedikwatar jiha, sai ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa da ɗalibai suka ƙaru. Mutanenmu suka shigo da sana'o'in da aka san su da su: su a tafkin madatsa, lambu a bakin kogi, fawa da agashe, ɗinki, ƙananan saye da sayarwa a kasuwa.

Tsarin garuruwan Sudan tun zamanin Turawa ya kasa unguwanni daraja-daraja, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kowace da girman filinta da irin ginin da aka yarda a yi a cikinta. Hukuma takan yanka fili ta ba mutum ya gina da kansa. Ko gidajen da aka riƙa ginawa a wasu birane da sunan sakan sha'abi, na sayarwa ne a biya kaɗan-kaɗan, ga wanda ke da kuɗin somawa da abin shiga tabbatacce. A duk wannan tsari ba a yi wa ɗan haya gurbi ba. An ɗauka kowa zai mallaki gida wata rana, haya kuwa mashiga ce ta ɗan lokaci. Saboda haka ɗaki mai araha a Damazin daga wuri biyu yake fitowa: ko talaka mai fili a daraja ta uku ya ƙara ɗaki a cikin hoshinsa ya ba wani talakan, ko mutum ya fita bayan gari ya kafa rakuba a inda hukuma ke kira ashwa'i, yana jiran ranar da za a zo rusawa.

Ginshiƙi na biyu, kayan gini, shi ma bai tsira ba. Tun da aka kafa hukumar noman inji a 1968, manyan gonaki suka cinye daji a Dali da Mazmum da Agadi. Gawayi ya cinye saura. Itacen da kakanmu ke sarowa da hantsi ya koma abin saye a kasuwa, ciyawar jinka ma haka. Ƙasar yankinmu kuwa baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ga ruwan sama mai yawa, don haka ginin jalus yana son yaɓe kowace shekara. Wanda ya so ya huta sai jan bulo da kwano da siminti, waɗanda farashinsu ke bin dala. Ɗakin da aka saye kayansa da kuɗi, da wuya a ba da shi kyauta.

Ginshiƙi na uku shi ya fi ciwo, domin baƙon yau ba mai wucewa ba ne. A farkon Satumba 2011 yaƙi ya ɓarke a cikin Damazin kanta, ya bazu zuwa kudancin jiha, ƙauyuka suka kwararo gari. Ranar 1 ga Janairu 2013 aka buɗe ƙarin mita 10 da aka yi wa madatsar, ruwa ya haye ƙauyuka da gonakin bakin kogi, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa 12 da ake kira da lamba. Ƙorafin da ya riƙa zuwa zaurenmu a lokacin daga waɗanda ke zaune cikin gidan wani ne, da samarin da suka yi aure bayan an gama ƙirga, domin gidan diyya sunan maigida yake bi. A ƙarshen Yuli 2020 madatsar Buɗ ta fashe ta rushe ɗaruruwan gidaje.

Sai fitinar 2022, wadda ba na son tono ta fiye da buƙata. Ta taso ne a tsakiyar Yuli a kan maganar sarauta da ƙasa, ta ci Ganis da Rusairis da Gaisan da Wad Almahi, ta sake dawowa a Oktoba a garuruwan madatsa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna an rasa rayuka fiye da 350, mutum kusan 97,000 kuma suka bar gidajensu. An yi kuka a kowane ɓangare, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Makarantu suka cika da mata da yara, wasu suka nufi Sinnar da Jazira da Farin Nilu. Mutumin da jiya yake da gida da lambu da kwalekwale ya wayi gari yana tambayar dillali kuɗin ɗaki guda. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Janairun 2023, kafin mutane su gama komawa sai ga yaƙin 15 ga Afrilu. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, hanyar arewa ta yanke na watanni. Waɗanda suka gudu daga nan zuwa can suka sake gudowa, tare da mutanen Khartum da Jazira, wasunsu da 'yan uwa a ƙasashen Larabawa masu aiko musu da kuɗi. Mai sayar da ganye a kasuwa ba zai iya gasa da su a kan ɗaki ba.

A kan wannan duka ga faɗuwar jine. A Fabrairun 2021 hukuma ta sake shi daga 55 zuwa 375 a kan dala guda, kuma a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Abin da mai gidan nan ya faɗa a zaure ke nan da nasa harshen.

To, ina doka? Akwai dokar hayar gine-gine ta 1991, wadda ta taƙaita dalilan da za a fitar da ɗan haya, ta kuma ba shi damar ci gaba da zama har shekara bakwai bayan ƙarewar yarjejeniya matuƙar yana biya. Sai dai kotu hujja take nema, mu kuwa mafi yawan hayarmu da baki ake ƙulla ta, ba takarda ba rasidi. Kunya tana hana mu rubutu. Mai gida yana ganin neman sa hannu kamar zargin ɗan uwa ne, ɗan haya yana tsoron a ce ya cika fitina. Har yanzu muna ƙulla haya da ladabin masauki, alhali abin da ke tsakaninmu ciniki ne.

Mu da muka zauna gaban malamai mun san addini bai bar wannan a duhu ba. A Risala da Muhtasar akwai bayanin ijara da kira'i, kuma malaman Malikiyya sukan keɓe kalmar kira'i ga hayar gida da ƙasa da dabba. Sharaɗinta a san kuɗi, a san wa'adi. Idan an ƙulla shekara a kan kuɗi sananne, babu mai ikon ƙari a tsakiya don ya ga wani ya taya sama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kafin ta da kaɗan aka yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Duka biyun muna buƙatarsu, rubutun da jinƙan.

Tarihi ya kuma bar mana wani misali. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu. A Azhar akwai ruwaƙin Barno, akwai kuma ruwaƙin Sinnar. Sarakunan Funj, kakannin maƙwabtanmu, sun tsayar da wakafi a Makka da Madina domin mutanen ƙasarsu. Waɗannan mutane sun gane cewa karamcin mutum ɗaya yana mutuwa tare da shi, magada su raba gidan, amma wakafi ba a sayar da shi ba a gadonsa.

Ga abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, ban ɗora shi a kan dattijon da nake yi wa aiki ba. Kowace haya a unguwanninmu a rubuta ta, ko da a takardar littafin makaranta ce: sunan mai gida da na ɗan haya, kuɗi, wa'adi, wanda zai yi yaɓe da gyaran kwano, da shaidu biyu. Tun da kuɗi ba ya tsayawa, a yi wa'adin wata shida ko shekara, a sake zama idan ya cika, a kuma ba da sanarwa da wuri ga wanda za a tasa. Zauruka da limamai su yi wannan rubutu kyauta. Sannan kowane masallacin Juma'a da ke da sarari ya yi niyyar ɗaki biyu ko uku na wakafi, a yi musu rajista da sunan wakafin, a ba gwauraye da marayu a kan kuɗin da zai ishi gyara kawai. Adashen da matanmu ke yi zai iya sayen kwano, gayyar samari ta buga bulo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ranar da aka gama, kada a tambayi mai shiga ƙabilarsa. Mun ɗanɗani abin da wannan tambaya ke haifarwa.

Wanda ba shi da rakam waɗani, shi ko matarsa ko 'ya'yansa, ya nema tun yau, kada abin da ya sami kakanni a rabon filaye ya maimaita kansa. Masu magana da yawunmu kuma, idan sun zauna da hukuma a kan sake gina abin da yaƙi ya rusa, su tuna mata cewa a ƙirga wanda ke haya tare da wanda ke da gida.

Ita baiwar Allah da na fara da labarinta, an daidaita. Dattijo ya ce wa mai gidan, "Alhaji, ka bar 'yata wata shida a kan kuɗin tsakiya." Mutum uku daga cikin masu zama a zaure suka ɗauki cikon, na rubuta takarda biyu, kowa ya dangwala. Ita ke nan guda ɗaya, ga kuma sauran shafukan littafin suna jira.

Wanda ya san yadda aka yi masauki a garinsu, a Mai Wurno ko Gadarif ko ƙauyukan Jazira, ya taimaka ya rubuto mana abin da ya ji daga bakin manya, domin masu wannan sani suna ƙarewa. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa, ya rufa mana asiri duniya da lahira.